Garejin da ya tayar min da injin Datsun 280Z a Kaduna, abin da ya burge ni da abin da ya ɓata min rai

Masu ta tambayata a ina aka yi min aikin injin Datsun ɗin nan kuma ko zan iya cewa su ma su kai tasu, amsata ita ce eh ku kai, amma ku tsaya ku ji bayani tukuna don akwai inda mai garejin ya ƙware sosai akwai kuma inda dole sai kun tallafa masa da kanku. Garejin yana Kaduna ne, ba zan kama suna ba saboda akwai ƙorafin da zan yi kuma bana so ya zama na zo tozarta dattijo a bainar jama'a, mutum ne da ya girme ni nesa ba kusa ba, kowa Oga yake ce masa ni kuma Baba nake kiransa.

Motar 280Z ce ƙirar 1976, wadda aka yi don kasuwar Amurka, sitiyarinta a hagu. Ga wanda bai san gidan su ba, Nissan ta fara fitar da 240Z ne a ƙarshen 1969 da inji mai silinda shida a jere mai suna L24, cc 2393, sai 260Z ta biyo da cc 2565, sannan a 1975 aka kawo 280Z da L28 mai cc 2753 wanda aka cire masa kafireta aka sa masa injekta irin tsarin L-Jetronic na Bosch. Kuma motar nan ba baƙuwar Afirka bace, 240Z ce ta cinye gasar Safari ta gabashin Afirka a 1971 a hannun Edgar Herrmann, ta sake cinyewa a 1973 a hannun Shekhar Mehta, a kan hanyoyin ƙura da taɓo da duwatsu, don haka duk mai ce maka motar kwalliya ce kawai bai san tarihinta ba. Tawa dai lokacin da ta shiga garejin hayaƙi take yi shuɗi, baƙin mai yana raguwa kullum, wayoyin injekta duk sun bushe sun farfashe, in ta yi zafi sai ta fara shaƙewa. Ni kuma ba so nake a mayar da ita yadda take a 1976 kawai ba, so nake ta fi haka ƙarfi, ta ja, ta yi numfashi sosai a sama.

Abu na farko da ya sa na yarda da Baba shi ne bai ce min komai kan kuɗi ba sai da ya kwance injin ya auna. Mun saba da bakanike da zai leƙa bonet ya ce ai ringi ne da metal, kawo kaza, gobe ka zo ka ɗauka. Shi ko sai da ya sauke injin gaba ɗaya, ya wanke bulok ɗin, ya jera fistin shida a kan benci kowanne da lambarsa da konrod ɗinsa, rokoki sha biyu kowanne a cikin ramin kwali da aka rubuta wa lamba don kar su cakuɗe, sannan ya ɗauko maikuromita daga cikin wani tsohon akwatin katako ya bi karanshaf jona bayan jona yana faɗa yaro yana rubutawa a bango da alli. Ya san injin nan tun zamanin Datsun Laurel da tsohuwar Nissan Patrol, dukkansu dangin L ne, shi yasa ko da ya ga lambar N42 a jikin bulok da jikin tof, wato kan injin, bai tsaya tambayar kowa ba, cewa yayi wannan bulok mai kauri ne, mu gode Allah.

Akwai wani abu ƙarami da na lura da shi tun ranar kwancewa. Injin L sarƙa ce take juya kamshaf ɗinsa, kuma in za ka cire tof ba tare da ka buɗe murfin gaba ba dole ka cusa wani ɗan katako tsakanin sarƙar don kar abin da ke matse ta ya fito daga raminsa, in ya fito kuwa sai ka kwance gaban injin duka. Baba yana da nasa katakon da ya sassaƙa da hannunsa, ya yi baƙi ƙirin da mai, da ƴar igiya a saman don jawo shi. Ko da yake a aikina duk za a kwance ne, ganin katakon nan a rataye a ƙusa ya nuna min mutumin ya daɗe yana shiga cikin irin wannan inji.

To sai maganar yadda za a ƙara ƙarfin. Duk wanda ya ɗan bibiyi masu Z a intanet ya san maganar da ake yayi ita ce a mayar da L28 ya koma lita 3.1. Yadda ake yi, ana samo karanshaf na injin dizal LD28 wanda ke da tsawon bugu milimita 83 maimakon 79, a haɗa da konrod na L24, a fafe silinda daga milimita 86 zuwa 89, sai lissafi ya ba ka cc 3098. Na kawo masa wannan magana har na ce zan sa a nemo min karanshaf ɗin a kasuwar Ladipo ta Legas ko Panteka ta Kaduna. Ya saurare ni tsaf sannan yace, Malam, milimita uku za ka cire daga silindar da ta shekara kusan hamsin ruwa yana cin bayanta, ni kuma ba ni da na'urar da ke auna kaurin bangon silinda ta waje, in na fafe na tarar da wani gefe ya yi siriri wa zai biya ka bulok? Yace in na dage sai dai in kai bulok ɗin inda ake da na'urar a auna a kawo masa takarda, in ba haka ba shi milimita ɗaya zai ƙara. Wannan magana ta ƙara masa daraja a idona, domin aikin 3.1 ya fi kawo masa kuɗi amma ya ƙi. Muka tsaya a 87, wanda ya ba mu kusan cc 2818.

Inda ya fi burge ni shi ne maganar kamfireshan, wato yawan yadda fistin ke matse iska da mai a cikin silinda, kuma a nan ne nake ganin mafi yawan masu kwaikwayon abin da Turawa da Amurkawa ke yi suke kashe injinsu. 280Z ta fito da fistin mai rami a ka, kamfireshan ɗinta wajen 8.3 ne, ƙasa sosai, saboda dokokin hayaƙi na Amurka na wancan lokacin. Hanya mafi sauƙi ta ɗaga shi ita ce a sa fistin mai shafaffen kai irin na 280ZX na ƙarshe-ƙarshe, in ka haɗa shi da tof N42 sai ka tashi kusan 10. A takarda abin daɗi ne. Amma tof N42 an san shi da saurin yin ƙarar nan ta ƙwal-ƙwal in kamfireshan ya hau, mu kuma a gidan mai ba mu da zaɓin fetur mai okten 98, wanda ya fi jure matsi, kamar yadda suke da shi a Turai, abin da famfo ya ba ka shi za ka sha, wani lokacin ma ba ka san me aka gauraya ba, ga zafin watan Maris da Afrilu da ya kan haura digiri 40 a arewa. Baba yace shi injin da zai gina na man Kaduna ne da ranar Kaduna.

Yadda ya yi aikin na tsaya na kalla da idona. Ya kifa tof ɗin a benci, bawul a rufe, filogi a ɗaure, ya shafa giris siriri a bakin ramin ƙonewa, ya ɗora wani ɗan gilashi mai ƙaramar huda, sannan ya ɗauko sirinji irin na asibiti yana ɗura jan man giya a hankali har sai kumfar iska ta ƙarshe ta fita, ya karanta cc nawa ya shiga. Haka ya bi ramuka shida. Sannan ya ɗan buɗe gefen bawul da ƙaramin injin gurza inda bango ya matse su, ya goge duk wani kaifi da zai iya yin ja ya kunna mai kafin lokaci, ya sake aunawa har ramukan suka zo daidai da juna. Da wannan da gasket mai ɗan kauri muka sauka wajen 9.3. Ni na yi lissafin a waya shi ya yi nasa a bayan kwalin filogi kuma muka haɗu. Wallahi ban taɓa ganin bakanike a garin nan ya auna ramin tof da sirinji ba sai shi, yawanci kai wa ake a kankare tof son rai a ɗaura a ce ai yanzu zai ja.

Sauran aikin tof ɗin ma ba laifi. Bawul na L28 dama manya ne, 44 na shiga 35 na fita, don haka ba mu canza girma ba, sabbi kawai aka sa da gaid sabbi, kujerun bawul na shiga waɗanda na tagulla ne aka cire aka sa na ƙarfe. Ya daidaita bakin hanyoyin iska da manifol, ya share gurbin da ke bayan kujerar bawul, bai yi haukan faɗaɗa rami ba. Kamshaf na yi odarsa daga waje, matsakaici, wanda zai fara aiki tun daga tsakiya ba sai an kai allura can sama ba, tare da sababbin rokoki da sifirin. A injin L akwai wasu ƴan maɓallai da ke zama a kan bawul ƙarƙashin roka, kuma in an canza kam dole a zaɓi kaurinsu yadda kam zai riƙa shafar tsakiyar roka, in ya zame ya fita gefe cikin ɗan lokaci zai cinye kam ɗin. Baba ya shafa baƙar maka a kan kowace roka, ya juya injin da hannu, ya ciro ya duba inda ya goge, wasu ya canza maɓalli ya sake, sha biyun nan duk sai da ya bi. Gilashinsa a kan hanci, ba ya magana da kowa lokacin, ko gaisuwa ɗaga hannu kawai yake.

Haka tayimin ɗin kam. Faifan sarƙar kam na injin nan yana da huda uku masu lamba 1, 2, 3, kowacce tana tura kam gaba da digiri huɗu, Nissan ta yi su ne don in sarƙa ta miƙe a gyara. Tunda an taɓa tof an kuma canza gasket, tazarar da ke tsakanin karanshaf da kam ta canza, don haka bai yarda da alamar kamfani kawai ba, ya yanko faifan digiri ya manna a gaban karanshaf ya nemo saman fistin na ɗaya da kansa ya gwada da takardar da ta zo da kam ɗin.

Ƙasan injin ba wani dogon labari. Karanshaf na L28 ƙarfe ne mai kyau, metal bakwai yake zaune a kai, an ɗan rage shi an sa metal daidai da shi, notocin konrod sabbi, famfon baƙin mai irin na 280ZX mai tabo (turbo) wanda ya fi tura mai, sarƙa sabuwa da duk kayanta, an rage wa fulawil nauyi kaɗan. Fulin gaba mai roba a tsakiya shi ma sabo muka sa don karanshaf na silinda shida dogo ne, yana murɗawa in an hau sama, tsohuwar roba kuma ta tsattsage. Konrod da fistin ya auna su a sikelin masu sayar da gwal ya daidaita nauyinsu.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci.

Na farko lokaci. Abin da aka ce min da abin da ya faru ko kusa ba su haɗu ba, damina ta same mu ta wuce muna abu ɗaya. Wani jinkirin ba laifinsa bane, kaya daga waje sai an jira, dala kuma kullum hawa take, amma wani nasa ne tsantsa, don Baba ba ya iya cewa a'a ga tsofaffin kwastomominsa, kana zuwa za ka tarar an ture injinka gefe an rufe da buhu ana fama da wata 504 ko 505 ta wani Alhaji da zai yi tafiya gobe. Na gane cewa da waɗannan yake ci da iyalinsa kullum, kuma Kaduna garin Peugeot ne tun da PAN, kamfanin Peugeot na Najeriya, ta fara haɗa motoci a Kakuri a 1975, amma ai sai a faɗa min gaskiya tun farko in san da me zan yi shiri. In ka kira waya kuma kullum amsa ɗaya, in sha Allahu sati mai zuwa.

Na biyu, shi ba shi da injin fafe silinda da na gurza karanshaf, waje yake kaiwa. Fafewar ta yi kyau, ya auna ta a gabana. Amma karanshaf ɗin da ya dawo, da na ce a busa hanyoyin mai a gabana sai ga garin ƙarfe da dattin gurza suna fitowa baƙi. Yaran sun riga sun shafa masa mai suna shirin ɗorawa. Baba ya yi musu faɗa sosai, ya sa aka wanke da kananzir da ɗan buroshi har sai da farin ƙyalle ya fito fes, amma abin da ya tsaya min shi ne da ba na wurin fa? Wannan dattin shi ke cinye sabon metal cikin ƴan kwanaki a zo ana cewa kayan ne jabu. Wurin kuma a buɗe yake, rumfar kwano ce kawai, in iska ta taso ƙura har cikin silinda. Sai da na sayo leda babba da kaina na ce duk lokacin da aka tashi a naɗe injin.

Na uku yaran garejin. Akwai guda ɗaya mai hankali da natsuwa wanda nake ganin zai gaji Baba, sauran kuwa sai addu'a. Sun jingina da fenda da makulli a aljihu sun karce min fenti, sun ɓatar da wasu notocin asali na murfin tof suka sa wasu da ba kalarsu ɗaya ba. Aikin waya kuma gaskiya kar ka bari a yi maka a can, murɗawa suke da hannu su naɗe da salatif, sai da na kai wa mai wayarin daban ya sake bi. Kuma babu rasit, babu takardar abin da aka auna, lambobin nan masu daraja duk a bango suke da alli, ni na riƙa ɗaukarsu hoto da waya kafin a goge.

Sai babbar magana, kafireta. Mun cire injekta gaba ɗaya muka sa Weber 40 DCOE guda uku, kowacce baki biyu, wato kowace silinda da maƙogwaronta. Masu cewa me yasa ban sa 45 mai faɗin maƙogwaro ba, a inji mai ƙasa da lita 2.9 da za a riƙa hawa a titi 40 ta fi daɗin tuƙi a ƙasa, iska ta fi gudu a cikinta, 45 sai mai tsere. Baba ya san abubuwan da suka zama dole: ya cire famfon injekta mai matsin sama da psi 30 ya sa ƙarami da ke ba da wajen 3, don Weber ba ta son matsi, in ya yi yawa ambaliya take. Ya daidaita tsayin fulot na ukun. Ya kuma ƙera faranti na alminiyom ya sa tsakanin kafiretocin da hedar salansa, domin injin L shiga da fita duk gefe ɗaya suke, kafireta tana zaune ne a saman bututun wuta kaman tukunya a kan murhu, in ka tsaya a go-sulo da rana fetur tafasa yake a ciki. Wannan farantin aikin hannu ne mai kyau ƙwarai, har da lanƙwasa a baki don kar ya yanki tiyo.

Amma saitin kansa da kunne ya yi shi, da guntun tiyo a kunne yana saurarar kowane baki. Sulo ya zauna daram, ban ƙi ba, kuma abin mamaki da na zo da ma'aunin iska daga baya bakunan shida ba su yi nisa da juna ba. Matsalar ita ce kunne ba ya gaya maka abin da ke faruwa a tsakiya lokacin da mota ke tafiya da nauyi. Tsakanin juyi 2500 da 3000 a minti, daidai inda ƙaramin jet ke miƙa wa babba aiki, in na taka totur a hankali sai ta yi jim kaman za ta mutu, ta yi tari ta baki, sannan ta zabura. Baba yace haka Weber take. Ni na san ba haka take ba in an saita ta daidai. Garejin ba dayino, wato na'urar auna ƙarfin inji, ba na'urar auna hayaƙi, ba kuma akwatin jet, wanda ya zo a cikin kafiretar shi ke nan. Sai da na yi odar na'urar nan da ake ɗaura wa a salansa tana nuna yawan iska da mai a agogo, da jet kala-kala, muka fita hanyar Zariya da sassafe shi yana gefe yana kallon agogon ni ina tuƙi. Nan take ya ga allura tana tafiya wajen ƙarancin mai daidai inda take shaƙewa. Muka ƙara girman ƙaramin jet mataki ɗaya, muka rage babba kaɗan don a sama mai ya yi yawa, shaƙewar ta tafi. Abin da zan yaba masa a nan shi ne bai yi girman kai ba, dattijo ne amma cewa yayi Malam wannan agogon nawa yake, ni ma ina so. Duk da haka in za ka kai masa aikin Weber ka sa kuɗin wannan na'ura da jet a lissafinka tun farko. In kuma motarka a Jos za ta zauna ka sani can sama ne, ya haura mita 1200, iska ta fi siriri, saitin Kaduna zai yi mata mai da yawa.

Wuta ma ya yi hankali da ita. Distributa na 280ZX muka sa mara kwantak, filogi NGK, kuma bai tura tayimin har inda masu man 98 ke kaiwa ba, ya ja baya da ƴan digiri, muka gwada a hawa da giya ta sama muna kasa kunne ko za mu ji ƙwal-ƙwal, babu. Maganar bakunan kafireta a buɗe masu ƙyalli da ake gani a hotuna kuwa, ya ce ko da wasa kar in yi, hunturu ɗaya zai cinye ringin. Filta mai kyau muka sa, kuma in ƙura ta sauko ina wanke ta akai-akai. Lagireto an sake masa ciki mai layi uku, fanka da murfinta na asali suna nan.

Ranar tayarwa ya cire filogi ya juya injin har sai da agogon mai ya tashi, ya zuba mai mai sinadarin zinc saboda sabon kam da rokoki, yana kamawa kuma bai bar shi a sulo ba, ya riƙe shi sama da 2000 na wajen minti ashirin, yaro ɗaya da bokitin ruwa ɗaya yana leƙen ƙasa ko akwai yoyo. Babu ɗigo ko ɗaya. Bayan ya huce ya sake bin notocin tof, ya saita bawul da zafi, milimita 0.25 na shiga 0.30 na fita.

Yadda take yanzu? Ba zan ba ku lambar doki ba tunda ba a ɗora ta a dayino ba, kuma na gaji da masu faɗin lambobi daga kansu. 280Z ta fito da wajen doki 150 ne, abin da zan iya cewa da gaskiya shi ne wannan ba waccan motar bace. Daga 3000 zuwa sama tana ja da wani irin nauyi a ƙirji, ba ta yanke numfashi a 5000 kaman da, tana tafiya har 6500 da son ranta, ƙarar bakunan kafiretocin nan shida in sun buɗe kuwa har cikin ƙashi kake jinta, mai babur ma sai ya waiwayo. A cikin gari ba ta wahalar da ni, tana tashi da safe da taka totur biyu, agogon zafi yana zama a tsakiya ko a cunkoson Kawo. Baƙin mai ba ya raguwa, filogi shida kalarsu ɗaya. Mai kam tana sha, kar wanda ya ruɗe ka, kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 duk fita sai ka yi lissafi, amma in ka riƙe ƙafarka a kan hanya ba ta kai yadda ake tsoratarwa ba.

Kuɗin aikinsa a ganina ya yi araha idan aka duba awannin da ya zuba a tof ɗin kaɗai, kayan da aka yi oda su suka cinye kuɗin, nasa ko kusa bai kai nasu ba, har sai da na ƙara masa a kan abin da ya faɗa. Kayan ciki irin su fistin, ringi, metal, gasket da sarƙa ka sayo da kanka daga inda ka yarda da shi, shi ma ya fi son haka don kasuwa ta cika da jabu a kwali mai kyau.

Wanda ke da tsohon inji irin na da, Datsun ko Peugeot ko Marsandi, yana so a gina shi da awo kuma yana da haƙurin jira da lokacin zuwa ya tsaya a kai, wurin Baba ya dace da shi. Mai sabuwar mota ta kwamfuta ko mai son tabo ya nemi wani wurin, shi da kansa zai gaya maka ba layinsa bane. Kuma ya faɗa min wata magana ranar da zan ɗauki motar wadda nake kan aikinta yanzu, yace birkin nan na 1976 ne, faifai a gaba ganga a baya, an yi shi ne don ƙarfin da, kar in sake in biye wa injin sai na gyara shi, hanyoyinmu ga ramuka ga shanu ga masu keke napep, dokar babbar hanya ma kilomita 100 a awa ce. Na riga na canza tiyoyin birki da mai da tayoyi, kalifa masu fistin huɗu na gaba kuma suna hanya, shi zai ɗaura su, amma wannan karon na ce masa sai ranar da kayan suka iso zan kawo motar kuma a gabana za a yi.